Jika ta ce wa kakanta labarinsa bai hau lissafi ba: in daina wannan darasin ne?

Ticha Asawase:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun ranar Alhamis wani abu ke cin raina, na ga gara in kawo shi nan inda iyayenmu da malamanmu suke.

Tarihi nake koyarwa a sakandare, 'yan aji biyu. Na ba yara aikin gida: kowa ya samu tsoho ko tsohuwa ya tambayi yadda gidansu ya zo Kumasi, ya rubuta, sannan ya amsa tambaya uku a ƙasa. Wa ya faɗa? Ganau ne ko jiyau? Akwai wani abu daga waje da ya goyi bayan maganar?

Wata yarinya mai kaifin kai ta tambayi kakanta. Ya ce mata mahaifinsa yana yaro ya ga yaƙin Sagrenti da idonsa, lokacin da Turawa suka ƙone Kumasi, har suka yi makonni a gindin katangar bariki suna cin ganye saboda yunwa. Ta ce yaushe mahaifin ya rasu? Ya ce shekarar da firaminista Busia ya kori baƙi, yana da saba'in da 'yan kai. Yarinya ta ɗauki biro ta cire 1874, shekarar yaƙin, daga 1969, shekarar korar baƙi, ta samu 95. Sai ta ce, "Kaka, wannan bai hau lissafi ba." A zaure, a gaban abokan tsohon.

Mahaifinta ya zo makaranta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ticha, mun ba ku yara ku koya musu karatu, ba ƙaryata iyayensu ba." Tsohon kuwa an ce kwana biyu bai yi wa yarinyar magana ba.

To, in daina ne? Ko akwai yadda zan koyar da wannan abu ba tare da na raba jika da kaka ba?

Baban Sawaba:
Wa alaikumus salam. Ticha, ka yi haƙuri, zan faɗa maka yadda na gani. Mahaifin yarinyar nan bai yi laifi ba. Mu da muka taso, tsoho in yana magana ko tari ba ka yi. Yanzu ka ba yarinya 'yar shekara goma sha shida ma'auni ka ce ta je ta auna kakanta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Su waɗanda suka rubuta 1874 ɗin, ta je ta tambaye su ko nasu ya hau lissafi?

Hajiya Mai Goro:
Baba, ni dai a ganina lissafin yarinya ba shi ne matsala ba, wurin da ta yi shi ne. Da ta bari sai dare ta kai masa shayi ta ce "Kaka, ƙara mini bayani," da ba a kai nan ba.

Amma tambaya kam dole ce. Shekara talatin ina harkar goro. Direba ya sauko ya ce mini goro ya yi tsada a Kano, ba na taɓa buɗe huhu kan maganarsa. Sai na san shi ya shiga kasuwar ko a tasha ya ji, wace rana ya baro can, kuma yana da kayan da yake son in saya ko babu. Mutumin kirki ne, muna gaisawa, amma mai kaya a mota ba zai ce maka kasuwa ta faɗi ba. In ban koya wa 'ya'yana wannan ba, wata uku jari ya ƙare.

Ticha Asawase:
Hajiya, wallahi tambayoyin nan naki uku su ne darasin nawa gaba ɗaya. Na karɓi gyaran wurin, ban koya musu ladabin tambaya ba kafin in tura su.

Alaramma na Yalwa:
Bismillah. Baba, Allah ya ƙara girma, ina so in ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Auna labari ba Bature ya kawo mana ba. A Suratul Hujurati an umarce mu da bincike idan labari ya zo ta hannun wanda ba a amince da shi ba, don kada a cuci mutane cikin jahilci. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, a duba daga wa ake karɓarsa. Malaman hadisi sun tashi fanni guda don wannan kawai: wane ya ji daga wane, sun yi zamani ɗaya, sun haɗu, yaya haddarsa, yaya halinsa. Abin da yarinyar nan ta yi da biro ma suna yin sa. An ruwaito daga Sufyanus Sauri cewa da masu ruwaya suka fara ƙarya, sai aka yi musu maganinta da lissafin shekaru. Mutum ya ce ya ji daga shehu wane, a tambaye shi shekarar haihuwarsa, sai a ga shehun ya rasu kafin a haife shi.

Amma Ticha, ga inda ka bar gurbi. Malaman nan ba su haɗa kowa a kwando ɗaya ba. Akwai maƙaryaci, shi daban. Akwai mutumin kirki mai gaskiya wanda tsufa ya sa abubuwa suka cakuɗe masa. Akwai wanda ya ji daidai amma ya ɗora wa labarin sunan da ba nasa ba. Ba a ce wa na biyu da na uku maƙaryata, ana cewa ya yi wahami, wato kuskure ba da gangan ba, a wuri kaza, a karɓi saura. In yaro bai san wannan bambancin ba, da ya ga kuskure ɗaya sai ya zubar da tsohon dukansa. Ka koya musu neman tsaga, ba ka koya musu ɗinki ba.

Ɗalibar Legon:
Salamu alaikum iyayena. Ina karatun tarihi ne a jami'ar Legon, kuma na karanta saƙon Ticha sau uku. Ina ganin tsohon nan gaskiya ya faɗa, yarinyar ma gaskiya ta lissafa.

Ku duba abin da ya ce: sun zauna a gindin katangar bariki suna fama da yunwa. A 1874 babu wannan barikin. Wolseley, kwamandan sojojin Ingila, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa wa garin wuta, ya juya cikin kwana biyu saboda ruwan sama da marasa lafiya a rundunarsa. Ba a yi zaman makonni ba. Barikin da ke Adum, wanda yanzu gidan tarihin soja ne, Turawa sun gama shi a 1897, bayan sun kama Prempeh, sarkin Asante, a 1896. Zaman yunwa a gindin katanga kuwa na 1900 ne, yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante. Daga ƙarshen Afrilu aka kewaye barikin, gwamna Hodgson ya fasa ya fita ranar 23 ga Yuni, dakarun ceto suka iso 15 ga Yuli. Tarin jama'a, cikinsu har da fatake Hausawa da iyalan sojoji, sun fake a jikin katangar daga waje, yunwa ta kashe da yawa.

Yanzu a sake lissafi. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas a 1900, a 1969 yana da saba'in da shida ko da bakwai. Saba'in da 'yan kai, daidai yadda tsohon ya ce. Suna ɗaya ne kawai ya zame. Kuma akwai abin da ke ƙara ƙarfafa haka: kafin 1896 yawancin fatakenmu a Salaga suke tsayawa su sayi goro, daga baya a Kintampo, zangon Kumasi bai cika da Hausawa ba sai bayan shigowar Turawa.

Hajiya Mai Goro:
Allahu Akbar. Jikina har ya yi sanyi.

Baban Sawaba:
To kun gani! Tsoho bai yi ƙarya ba. Allah ya yi miki albarka 'yata. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Sai da takardar Bature ta sa hannu sannan muka yarda da maganar tsohonmu. In da Bature bai rubuta ba fa? Shi ke nan tsoho ya zama mai ƙanzon kurege?

Ɗan Alabar:
Baba ka gama magana. Ni ban ga amfanin koya wa yara littattafan 'yan mulkin mallaka ba. Mutanen da suka ƙone gari suka kwashe zinariyar fada, su za su ba mu labarin abin da ya faru? Duk ƙarya ce. A koya wa yara rubutun malamanmu da bakin tsofaffinmu kawai.

Ɗalibar Legon:
Baba, tambayarka ita ce wadda muke kwana a kanta a makaranta. Amma ka lura, ba takarda kaɗai ta taimaki tsohon ba, tsohon ma ya taimaki takarda. Matar gwamna Hodgson tana cikin barikin, ta fitar da littafi a 1901. Wani hafsa mai suna Armitage shi ma yana ciki, shi ma ya rubuta. Su a cikin katanga suke, ana raba musu abinci ko da kaɗan ne. Mahaifin tsohon nan a waje yake, yana cin ganye. Na ciki ya san kwanan wata da adadin harsashi. Na waje ya san abin da uwa take ba ɗanta a rana ta arba'in. Kowanne ganau ne, amma ba ta taga ɗaya suka leƙa ba. Matar kuma tana da mijin da take karewa, domin shi ne ya tsaya gaban sarakunan Asante a ƙarshen Maris ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, abin da ya hura wutar.

Yaya na Alabar, in ka ce duk ƙarya ce ka huta da aiki, amma ka yi asara. Jakadun Ingila biyu, Bowdich ya zo Kumasi a 1817, Dupuis ya zo a 1820. Daga wurinsu muka san akwai unguwar Musulmi a garin nan tun zamanin sarkin Asante Osei Bonsu, da limaminsu Muhammadu al-Gamba da ake kira Baba, yana da makarantar yara, sarki yana shawara da shi. In ka ƙone littattafan nan ka ƙone shaidar cewa mun daɗe a nan. Abin da ake yi shi ne a karanta su da ido biyu. Dupuis ya zauna a Maroko, yana jin Larabci, yana magana da malaman kai tsaye. Bowdich ya fi dogara da tafinta. Kuma Dupuis ya soki Bowdich sosai a littafinsa, akwai kishi tsakaninsu, to ko sukar ma sai an auna ta.

Ga misali ɗaya da Ticha zai iya kai wa aji. Mutanen gari sun ce wa Bowdich jama'ar Kumasi sun haura 100,000 in an taru. Shi kuma ya ƙiyasta mazauna dindindin tsakanin 12,000 da 15,000. Wa ya yi ƙarya? Wataƙila babu. Ɗaya yana ƙirga mutanen da ke kwana a gonaki su shigo lokacin biki, ɗaya yana ƙirga waɗanda ya gani a ranar da babu komai.

Ɗan Alabar:
Na ji, amma har yanzu ke ma da littafinsu kike kafa hujja.

Ticha Asawase:
Ƙanena, bari in ba ka wanda ya shafe mu kai tsaye. Takardun Turawa cike suke da "sojojin Hausa". Wani hafsan Ingila, Glover, ya zo da su daga Legas a yaƙin 1874, daga baya aka kafa rundunar da ake kira ta Hausa a nan. Wani yaro a ajina ya karanta wannan ya zo ransa a ɓace, ya ce abokinsa Batone, wato ɗan Asante, ya ce masa kakanninku ne suka taya Bature cin Kumasi. Na zaunar da su biyun na ce, wa Bature yake nufi da Hausa? A rundunar nan akwai Gurunsi, akwai Moshi, akwai Dagomba, Zabarmawa, Yarbawa, akwai bayin da suka gudu suka shiga soja don su tsira. Hausa ce harshen bariki, sai aka yi musu kuɗin goro. Akwai Hausawan asali a ciki, ba na musu. Amma yaron da bai iya tambayar "me wannan kalmar ke nufi a bakin wanda ya rubuta ta" ba, zai ɗauki laifin da ba nasa ba ko ya ɗora wa wani. Littafin nan yana nan, abokinsa zai karanta ko mu mun ƙi. Gara ɗanmu ya iya kwance shi.

Madam Tafo:
Ni ma malama ce, ina koyar da ƙananan aji tun da aka dawo da tarihi firamare a 2019. Duk abin da kuke faɗa yana da kyau a nan. Ku zo aji. Yara sun fi sittin, minti talatin ko arba'in, littafi ɗaya yara uku. Sannan jarrabawa tana da amsar da take so. Yaron da ya rubuta "ya danganta da wanda ya ba da labari" zai iya faɗuwa, wanda ya haddace ya wuce. Iyaye sakamako suke tambaya. Ticha, kai kana da 'yan WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, a gaba, ka tabbata ba ka cutar da su?

Ticha Asawase:
Madam, na yi wannan tunanin. Abin da na gani a ajina, yaran da suka yi gardama kan wani abu sun fi riƙe shi. Yarinyar nan har ta mutu ba za ta haɗa 1874 da 1900 ba. Kuma a manhajar sakandare akwai babin hanyoyin samun tarihi, ana tambayar amfani da raunin labarin baka. Bambancin kawai, da haddace jerin suke yi, yanzu sun taɓa abin da hannu. Ba kowane darasi nake yin haka ba, sau biyu ko uku a zangon karatu.

Abin da ya fi tsorata ni ba jarrabawa ba ce, waya ce. Kwanaki wani yaro ya nuna mini hoto a WhatsApp, wai Salaga ce shekara ɗari biyu da suka wuce, da launi, da benaye. Na ce a lokacin an ƙirƙiro kyamara? Ya yi shiru. Na ce ƙirga yatsun mutumin da ke gaba. Shida ne. Kwamfuta ce ta zana. Ya ce amma Ticha mutum dubu nawa suka tura shi.

Alaramma na Yalwa:
Wannan amsar ta yaron a yi mata darasi na musamman. Yawan masu faɗa ba ya zama hujja sai in hanyoyinsu daban-daban ne tun daga tushe. Mutum dubu da suka kwafo daga mutum ɗaya, mutum ɗaya ne. Mutawatiri, wato labarin da ya zo ta hanyoyi da yawa daban-daban, ba yawan tura saƙo ba ne.

Kuma akwai auna labari da hankali ko da isnadinsa ya yi kyau. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya ɗauki maganar masu tarihi irin su Mas'udi cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Ya ce a tsaya. Wace ƙasa za ta ciyar da su? Wane fili zai ɗauke su a jere har na wannan gefe ya san abin da ke faruwa a wancan? Farisa da girman mulkinta ba ta tara haka ba a Ƙadisiyya. Kuma kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙuba da Annabi Musa da zuriya za ta yaɗu haka? Malami ne Musulmi, alƙali, ya rubuta wannan a 1377. Yara su san cewa tambayar "zai yiwu kuwa?" gadonsu ce.

Ɗan Alabar:
To Allah gafarta Malam ai maganata ke nan. Malamanmu sun isa. Ga Alhaji Umaru na Karachi, ga tarihin Gwanja da aka rubuta da Larabci. Waɗannan ba sa bukatar wani bincike.

Ɗalibar Legon:
Suna bukata, kuma girmama su ne a yi musu. Tarihin Gwanja, Kitabu Ghanja, an haɗa shi wajen 1751, aka ƙara masa zuwa 1764. Abin alfahari ne, yana ba da shekaru ɗaya bayan ɗaya, kuma wasu sun dace da abin da Turawan bakin teku suka rubuta ba tare da sun san juna ba, kamar rasuwar sarkin Asante Opoku Ware a 1750. Irin wannan dacewar ita ce zinariya a wurin mai tarihi. Amma da marubucin ya kawo rasuwar, sai ya bi sarkin da la'ana, ya ce shi ya cuci mutanen Gwanja. A Manhyia, fadar Asante, kuma Opoku Ware gwarzo ne da ya faɗaɗa ƙasa. Shekarar za ka karɓa hankali kwance. Hukuncin kuwa sai ka tuna mai alƙalamin yana cikin waɗanda aka ci da yaƙi.

Alhaji Umaru an haife shi a Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi, ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, akwai zafi a cikinsu. Amma wasu rubuce-rubucensa na Hausa kan tarihi da al'adu ya yi su ne don wani jami'in Jamus mai suna Mischlich da ya yi karatu a wurinsa. Mutum ɗaya, masu sauraro biyu. Dole ɗalibi ya tambaya, wannan shafin wa aka rubuta wa?

Alaramma na Yalwa:
'Yata, a yi hattara da lafazi a kan Shehu Umaru. Malaman malamanmu ne, isnadin karatun mutane da yawa a ƙasar nan ta kansa ya bi.

Ɗalibar Legon:
Allah gafarta Malam, na karɓa, kuma ban nufi ya sayar da alƙalaminsa ba. Nufina ko kai in kana wa'azi a masallaci da in baƙo ya zo yana tambayarka al'adun Hausawa, ba abu ɗaya za ka zaɓa ka faɗa ba, alhali duka gaskiya ne.

Alaramma na Yalwa:
Haka ne. A wannan fassarar mun daidaita. Waƙa ma tana da nata hukunci, ƙafiya kan tilasta kalma, kuma mai wa'azi yana kambama abu don zuciya ta motsa.

Inna ta Moshi Zango:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikata ke rubuta mini. Tun ɗazu ina ji ana cewa malamanmu, tsofaffinmu. Ina so in tambaya, su wane ne mu?

Kakata Bagurunsa ce. Tana da tsage a fuska, ba ta taɓa gaya mana sunan garinsu ba sai ana saura 'yan watanni ta rasu. Mahayan Babatu, shugaban mayaƙan Zabarmawa, ne suka kama ta tana yarinya, ta je ɗiban ruwa da ƙanwarta. Aka kai su Salaga, aka yi musu wanka a rijiya, aka shafa musu man kaɗe don su yi sheƙi, aka sayar da ita, ƙanwar kuma ba ta sake ganinta ba. Da Hausa ta ba mu wannan labari, don harshensu ya riga ya gudu daga bakinta sai waƙa ɗaya da take yi in tana daka.

An ce akwai malamin da ya rubuta labarin Zabarmawa da yaƙe-yaƙensu. Na tabbata sunan kakata ba ya ciki. To in yara za su auna labari, a gaya musu su tambayi wanda ba a rubuta ba.

Ɗalibar Legon:
Inna, Allah ya jiƙan kaka. Akwai rubutun, Malam Abu ya yi shi da Hausar ajami wajen 1914, yana bin shugabannin Zabarmawa da garuruwan da suka ci. Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yendi. A Sandema kuma har yau Bulsawa suna bikin Feok kowace shekara suna tuna ranar da suka kore shi. Wanda ke kan doki da wanda aka ɗaure a bayan doki ba za su ba da labari ɗaya ba, kuma na kan dokin ne ya fi samun marubuci. Abin da kika faɗa yanzu ba shi a kowane kundi. In kin yarda, in na zo hutu zan zo da rakoda, har da waƙar dakan.

Inna ta Moshi Zango:
Ki zo. Amma ki zo da wuri, ni ma na fara mantuwa.

Ɗan Alabar:
Inna, ki yafe mini. Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba.

Baban Sawaba:
Maganar Inna ta sa na kasa barci, sai na ce bari in gwada ma'aunin Ticha a kaina. Korar baƙi ta 1969 ni ganau ne, ina da shekara goma sha bakwai. An ba da sanarwa 18 ga Nuwamba, aka ce mako biyu duk wanda ba shi da takarda ya fita. Maƙwabcinmu tela ne, Bayarabe, a gidanmu matarsa ta haihu biyu. Na ga ya fito da kekensa na ɗinki bakin hanya, wani ya taya da kuɗin da ko kan keken bai kai ba, ya karɓa yana kallon ƙasa. Ni na ɗora masa akwati a kan babbar mota. Ya ba mahaifiyata makullin ɗakinsa ya ce ta riƙe, zai dawo. Makullin yana cikin kwallarta har ta rasu.

Wannan na gani, ko gaban alƙali zan faɗa. Amma jikokina in sun tambaye ni mutum nawa suka tafi, nakan ce miliyan. Daren jiya na tambayi kaina, wa ya ƙirga? Ni tasha ɗaya na tsaya, a gari ɗaya. Miliyan ɗin a bakin mutane na tsinta. Ashe a labari ɗaya ina ganau a wani wuri, ina jiyau a wani, kuma da murya ɗaya nake faɗar su duka.

Ticha, ban janye maganata ta ladabi ba. Yaro ya san yadda zai zauna gaban babba. Amma kar ka daina. In kana so zan zo ajin naka, su tambaye ni, ni zan nuna musu inda za su tsaya.

Madam Tafo:
Baba, in ka gama da nasa ka biyo ta nawa. Wannan kam zan nemo masa minti arba'in.

Ticha Asawase:
Jama'a na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na je gidan tsohon, na tafi da goro, mahaifin yarinyar ya yi mini iso. Na fara da ba shi haƙuri, na ce laifina ne da na aiko yarinya ban koya mata sallama ba. Sannan na roƙe shi ya sake ba ni labarin da kalmomin mahaifinsa, yadda ya ji su yana yaro.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce mahaifinsa bai taɓa cewa Sagrenti ba. "Shekarar yunwar bariki" yake cewa. Wan shi tsohon ne, wanda ya fara shiga makarantar boko a gidan, ya dawo wata rana ya ce ai wannan yaƙin sunansa Sagrenti, a littafi ya gani. Tun daga nan gida ya ɗauka, don ɗan makaranta ne ya faɗa. Kuskuren da muke ta nema a bakin tsoho, daga aji ya shigo.

Da na gaya masa abin da 'yarmu ta Legon ta rubuta, na watanni da kwanaki, sai ya ƙara wani abu da bai gaya wa jikar ba. Ya ce mahaifinsa yakan ce ruwan sama ya yi ta dukansu a gindin katangar, tabarma ɗaya suke rufa da ita shi da uwarsa, kuma ƙaninsa na goye a nan ya rasu aka binne shi da dare. Afrilu zuwa Yuli damina ce a Kumasi. Ya sa aka kira yarinyar, ta durƙusa, ya ce ta kawo biron nata ta rubuta sunan jaririn, don shi kaɗai ya rage wanda ya sani.

Na sake tsara aikin. Kafin yaro ya je gida za mu yi mako guda kan yadda ake tambayar babba: a keɓe, da izini, a rubuta maganarsa yadda ya faɗa ba gyara, lissafi kuma a aji za a yi shi ba a zaure ba. Na ƙara tambaya ta huɗu, ta Inna: wa ya kamata a ji daga bakinsa a labarin nan amma ba a ji ba? Alaramma, ina roƙon ka rubuta mana bayanin nan na maƙaryaci da mai wahami a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi.

Tsohon ya ce shekararsa tamanin a garin nan, yana wuce barikin a mota, bai taɓa shiga ba. Yana so ya ga katangar. Mun sa Asabar mai zuwa, ƙarfe tara, za mu haɗu a bakin ƙofar gidan tarihin da yara goma sha biyu. Ba ya iya doguwar tafiya, muna neman wanda zai ɗauko shi daga Aboabo.

Ɗan Alabar:
Ina da mota ranar Asabar. Turo mini kwatancen gidan, takwas da rabi ina ƙofa.